Kunun Kanwar da Babu Kanwa

Kwanan baya wasu 'yan mata biyu da suka gama makarantar koyon aikin lafiya suka zo gidana a Ƙaura, suka ce in koya musu aikin jego. Karɓar haihuwa kam sun iya, in ji su, an koya musu da allo da 'yar tsanar roba. Abin da ya rage musu shi ne 'yan ƙarashe-ƙarashen da mata ke nema a wurin ungozoma mai zaman kanta: wanka, tausa, kunu, turare. Sun gani a waya wai har Turawa sun fara yi, sun kuma sa masa suna mai tsawo. Ɗayar ta ce, "Inna Kulu, ai ba wani abu ba ne, dafa ruwa ne da dama kunu. Zuwa Asabar mun iya." Na ce to madalla, mu fara da wanke tukunya. Suka wanke, na duba, na ce a sake. Suka sake, na sake dubawa. Da la'asar suka ce za su je su dawo. Har yau suna kan hanya.

Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don su da irinsu. Karatuna bai wuce firamare ba, sai a yi haƙuri da rubutun.

A Shinkafi na koyi aikin, a hannun Inna Ige, ƙanwar kakata. Jikoki sun cika gidan, amma ni ta ɗauka, wai don ta lura ina komawa in duba murhun da na riga na kashe da hannuna. Ta ce mai irin wannan hali ba ta jin daɗin duniya, amma jariri ba ya suɓuce mata. Shekarun farko ban taɓa jikin mace ba. Itace nake ɗauka, ruwa nake ja, ganyen darbejiya da na runhu nake karyowa in ɗaure su kamar tsintsiya. Ni ce mai kankare babbar tukunyar wanka, wadda yaro zai iya ɓuya a cikinta, ni ce kuma mai ɗumama tsingaron da ake gasa cibiyar jariri da shi.

Duk aikin jego a ƙasar nan a kan kalma ɗaya aka gina shi: sanyi. Mace ta haihu, jikinta ɗanye ne, a buɗe yake, sanyi zai shiga. Ko a tsakiyar bazara ta haihu, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa, sanyi ake tsoro. Don haka a tafasa ruwa safe da yamma har a yi arba'in, a tsoma damin ganye a fyaɗa mata a jiki. A zuba garwashi a ƙarƙashin gado ta kwanta a kai. A dama mata kunun gero da kanwa, a cika hannu, har sai ya yi ruwan ɗorawa yana cizon harshe. Ƙa'idar Inna Ige ba ta da wuyar riƙewa: in mai jego ba ta yi ƙara ba, ruwan bai yi zafi ba, in ta yi ƙara, ba ta da kunya.

Kada ku ɗauka raina ta nake yi. Na ga ranar da aka kira ta wani gida a Jangeru, wata yarinya mai cikin fari ta ƙi yarda naƙuda take yi, don kunya. Tana zaune tana tsintar wake, zufa na zuba. Inna Ige ba ta tambaye ta komai ba. Ta zauna a bayanta, ta narkar da man kaɗe a tafin hannu, duk sa'ad da hannun yarinyar ya tsaya a cikin waken sai ta danna mata tsatso da gindin tafi, tana murzawa a hankali har ciwon ya lafa. Ta jiƙa dabino ta ba ta ruwan, ta yi mata tofi. Ba a gama tsintar waken ba aka ji kukan jariri. A wurinta na koyi cewa ba a tambayar mace yaya jiki, don amsar ɗaya ce. "Da sauƙi" ake cewa ranar suna, "da sauƙi" ake cewa ana gobe jana'iza. Hannu ake kallo, da leɓe, da yadda mace ke zama.

Sai dai akwai matan da ke kumbura bayan suna. Ƙafa ta hau, fuska ta hau, numfashi ya gajarta. Inna Ige takan ce sanyi ya riga mu shiga, a ƙara kanwa, a ƙara wuta. Wasu suka tashi. Wasu ba su tashi ba, aka ce kwana ya ƙare. Kwana kam yana ƙarewa, ban taɓa musun wannan ba.

Bayan rasuwarta, aure ya kawo ni Ƙaura. Nan aka tara mu ungozomomi aka yi mana kwas a asibiti, aka ba kowace akwati mai sabuwar reza, da zaren ɗaure cibi, da sabulu, da safar hannu. Wata sista ce ta koyar da mu, doguwa, ba ta dariya. Ta ce tausa ku ci gaba, dabino ku ci gaba, addu'a ba ta hana kowa ba. Amma jini mai yawa, da jijjiga, da doguwar naƙuda, da kumburi, waɗannan ba naku ba ne, a kawo asibiti. Sannan ta zo kan kanwa. Ta ce zuciyar mai jego kamar jaki ce da ya sauke kaya yanzun nan daga tafiya mai nisa. Kanwa tana riƙe ruwa a jiki kamar gishiri, wato an sake ɗora masa kaya. Zafin wuta kuma bulala ce, ana cewa ya yi gudu. Ta nuna mana yadda ake danna babban yatsa a ƙwaurin mace: in wurin ya lotsa bai taso ba, ruwa ne, ba ƙiba ba. Duk muka gyaɗa kai. Aka tashi, kowace ta ɗauki akwatinta, rabinmu suka biya ta kasuwa suka sayi kanwa. Ni kuwa matsalata ita ce in magana ta shiga kunnena ba ta samun ƙofar fita.

Jegon farko da na yi bayan kwas a Ɗan Isa ne, gidan manoma, an jibge itacen wanka ya kai rufin rumbu. Na ajiye akwatina na yi wa tsofaffin gidan bayani tiryan-tiryan, har da jakin. Na ce ruwa mai ɗumi za mu yi, kunu kuma babu kanwa. Suka saurara da kyau, suka ce Allah ya ƙara ilimi. Kafin azahar an rako ni bakin titi, an kirawo wata tsohuwa daga maƙwabta, wadda da ta ji abin da na so in yi sai ta ninka kanwar don ta cike giɓin safiyar da na ɓata. Wato gaskiyata ba ta rage wa yarinyar nan ko ƙwayar kanwa ba, ƙara mata ta yi. A kan hanyar dawowa na fahimci cewa mai jego ɗaya ce a ɗaki, amma masu jinyar da za ka yi wa magani suna tsakar gida.

Daga nan na tsara aikina yadda nake yin sa har yau. Tukunya biyu nake amfani da su. Babbar tana kan murhu a tsakar gida, tana tafasa, tururi yana tashi kowa yana gani. Wannan ta surukai ce. Ƙaramar tana cikin makewayi, tun da wuri nake cika ta da ruwan sanyi in rufe. In na kwaso tafasasshen na shige, sai in surka, in tsoma gwiwar hannuna. In gwiwar ta iya zama a ciki har in karanta Fatiha ban yi sauri ba, ya yi. In na ji ina haɗiye ayoyi, sai in ƙara na sanyi. Damin ganyen kuwa, bango ya fi mai jego shan dukansa, don a waje ƙarar ake saurare. Nakan raɗa wa mai jegon ta ce "wash" ko sau ɗaya, don mutuncina da nata. Ba a taɓa samun wadda ta ƙi ba. Bayan wanka in kwantar da ita in bi bayanta da ƙafafunta da man kaɗe, daga ƙasa zuwa sama, ina tausa ina duban ƙwaurinta. Ita tana jin daɗi ne, ni bincike nake yi.

Kunun shi ya fi ba ni wahala. Na ɓata gero ba kaɗan ba kafin in dace. Sai an soya geron sama-sama kafin a niƙa, don ƙamshi. Launin da kanwa ke bayarwa, ɗan gangamau yana bayar da irinsa, wannan saiwar mai ruwan ɗorawa da dukawa ke rina fata da ita; in ya yi yawa asiri ya tonu, in ya yi kaɗan a ce kin yi rowa. Sai citta da kanumfari da masoro da kimba, a cika su har harshe ya rasa abin da yake nema. Sannan ina da dunƙulen kanwa guda, ja, mai kyau, da nake ɗorawa a faifai kusa da tukunya in zan yi damu. Ba na taɓa shi. Yana zaune ne kawai, kamar baƙon da aka gayyata suna.

Wannan dunƙule ya hana ni sukuni, don ni ko cinikin albasa na yi aka yi mini ƙari sai na koma na tabbatar da gangan aka ƙara. Na bi ta hannun matar limamin unguwarmu ta shigar da ni wurinsa, na zayyana masa komai, na ce, "Malam, ƙarya nike yi ko ba ƙarya ba?"

Ya ce, "Kin ce musu kin sa kanwa?"

Na ce, "Ban ce ba, Malam."

"An tambaye ki?"

"Ba a tambaye ni ba."

Ya ja carbinsa. Can ya ce, "To ki dage da addu'a kada a tambaye ki. Ran da anka tambaye ki, wannan kuma tsakaninki da harshenki." Na tashi zan fita ya ƙara da cewa amaryar ɗansa ta kusa haihuwa, in lokaci ya yi in zo in dama mata irin wannan kunun.

Shekaru suka yi ta tafiya ba wanda ya tambaye ni. Wa zai tambayi mai dama kunun kanwa ko ta sa kanwa? Matan da nake yi wa jego suna tashi garau, fata ba ƙuna, nono yana zuwa. Sai sunana ya fita cewa duk ƙasar nan babu mai cika hannu da kanwa kamar Kulu. Tsofaffi suka riƙa tare ni a gidan biki suna cewa, "Ke don Allah, ina kike samo wagga kanwa taki?" Ni kuwa in faɗi gaskiya, in ce a kasuwar Shinkafi na saye ta. Aka ce har wani mai kanwa a can ya ware buhu guda yana kiransa irin ta Kulu, ya ƙara masa kuɗi. Ku duba mini wannan al'amari: mace ɗaya a ƙasar da ba ta sa kanwa, ita ce ta fi kowa tallanta.

Sai muguwar shekarar nan, wadda ba sai na gaya wa ɗan Zamfara wace ce ba: aka rufe kasuwanni, aka kashe layin waya, daji ya gagari mai itace. Na je Zurmi duba ƙanwata, hanya ta ƙi, na zauna. In faɗa muku abin da ban taɓa tsammani ba, a shekarar aikina ya fi sauƙi. Babu itacen tafasa babbar tukunya, kowa ya koma wanka da ruwan ɗumi yana ba mai jego haƙuri. Abin da na yi shekaru ina ɓoyewa a makewayi, 'yan bindiga suka mayar da shi dokar gari.

A nan aka kira ni jegon Hassi, matar wani manomi Sani, haihuwarta ta huɗu. Uwar mijinta, Gwaggo Tumba, ita ce mai gidan tun rasuwar mahaifin Sani. Kada ku zana ta a ranku da baƙar fuska. Tana son Hassi, ba ta kiranta sai "ɗiyar mutane", kullum tana cewa amana ce aka ba ta. Ita ta aika a nemo ni musamman, don ta ji labarin hannuna.

Haihuwar ta zo lafiya. Ina zuwa safe da yamma, in yi wanka, in yi tausa, in dama kunu, in koma gidan ƙanwata. Bayan suna da 'yan kwanaki, ina tausa na danna ƙwaurin Hassi, ya lotsa, ya ƙi tasowa. Washegari fuska ta hau. Na lura ta jingina matasai a bango, a zaune take barci, in ta kwanta tari ya taso. Na karya ƙa'idar Inna Ige na ce, "Hassi, ya jikin?" Ta ce, "Da sauƙi, Inna," tana hutawa tsakanin kalma da kalma.

Na bi aikina ɗaya bayan ɗaya ina neman inda na kuskure. Ruwa mai ɗumi ne. Kunu ni na dama. Sai ran nan na zo da hantsi, ba lokacin zuwana ba, na tarar da ƙwarya a gefen gado da ragowar kunu. Na lakato na ɗanɗana. Kanwa ta kama mini harshe kamar na lashi toka. Na leƙa ƙarƙashin gado, ga kasko cike da garwashi. Ashe ƙyauren tsohon rumbu Gwaggo Tumba ke faskarawa kaɗan-kaɗan, don kada a ce an bar ɗiyar mutane cikin sanyi.

Na fito da ƙwaryar a hannu. Gwaggo tana tsakar gida tana kaɗi. Ta ce, "Kin gani ko? Taimaka miki nike. Kowa ya san hannunki, to ni ma ina da 'yar ajiyata tun kahin a ruhe kassuwa. Naki safe da marece, nawa da rana. Ga shi dai sanyin ya ƙi jin magana."

Na ce, "Gwaggo, kanwar nan a bar ta, wutar nan a kashe ta. Yarinyar ga asibiti za a kai ta, Ƙaura, yau."

Irin wannan ciwo na san ko asibitin garin muka je can za a tura mu. Motoci kuwa a lokacin ba sa fita ɗai-ɗai, sai a taru a yi ayari a bi rakiyar jami'an tsaro, kuma ranar akwai fita kafin azahar. Ta gaba, sai yadda hali ya yi.

Gwaggo ta ajiye mazari. "Mai jego, ba ta yi arba'in ba, a hidda ta cikin iska? A wagga hanya? Sani, kana jin ta?" Sani yana bakin zaure, ya sunkuyar da kai. Mutumin kirki ne, amma tunda aka haife shi bai taɓa gama magana a gaban uwarsa ba. Ta juyo kaina. "Ke da kike zuba mata da hannu biyu, tawa 'yar kaɗan ce za ki gani? Tsaya ma tukuna. Kanwa nawa kike sa mata?"

To, ga ranar da Malam ya faɗa. Ban yi dogon tunani ba, don harshena ya riga ni.

Na ce, "Ba ni sa mata, Gwaggo."

"Mi kinka ce?"

"Ban sa ba. Ba ita kaɗai ba, na daɗe ban sa ma kowa ba."

Ta tashi da kanta ta je ta buɗe kwanon kunun safe, ta ɗebo da ludayi, ta riƙe a baki tana juyawa. Sai ta saki salati da ƙarfi, har matan maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga, wasu suka shigo da goyo. "Jama'a ku zo ku gani! Ruwan gero da yaji! Tun ran da ta haihu ruwan gero take sha! To ga shi nan, sanyi na, ba komi ba! Ba don ɗan wanda nike ba ta da rana ba, da tuni mun kai ta!"

Na buɗe baki na fara bayanin zuciya da jaki. Wata tsohuwa ta ce, "Ji ta, ana maganar rai tana maganar jakkai." Daga cikin ɗaki ina jin hakin Hassi. Daga tasha kuma an fara jin hon, direbobi suna kiran fasinja. Na ga in na tsaya sai na yi nasara a gardamar nan, to zan iya yin nasarar, amma ayari zai tafi.

Sai na sauke murya na ce, "Gwaggo, yadda abin ga ya kai yanzu, kanwa za ta hidda shi?"

Ta ce, "Ina hwa! Ya shige ƙashi! Kin cuce ni, kin cuci ɗiyar mutane!"

Na ce, "To abin da ya taru a jikinta, kunu ba ya fitar da shi. Sai allura." Wannan gaskiya ce tsantsa, na auna ta kafin in faɗa.

Ta ce, "Laihin wa? Ki hwaɗa da bakinki, gaban mutane."

Na ce, "Ni anka ba jegon, ga inda ya kai. A ɗora mini."

Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa, ta samu abin da take nema. Tunda an sami mai laifi, fitar da mai jego ba abin kunyar gidansu ba ne kuma, gyaran ɓarnar wata ce. Ta juya ta daka wa ɗanta tsawa, "Kai Sani, kana tsaye awa turmi! Tahi ka kama muna wuri a mota! Ni ma za ni, in gaya ma likita abin da anka yi muna."

Muka shiga bayan wata tsohuwar mota, Hassi a tsakiya a jingine da ni, jaririn a hannun Gwaggo. An naɗe Hassi da barguna kamar za a kai ta ƙasar ƙanƙara, ga rana tsaka. Duk tsawon hanyar kowa idonsa na kan daji. Aikin da muka yi ni da Gwaggo ɗaya ne: in janye bargo daga ƙirjin Hassi, ta mayar; in sassauta gilashi, ta miƙa hannu ta rufe. Haka har muka hango Ƙaura.

A asibiti aka sa mata robar iska a hanci, aka yi mata allurar da ke sa fitsari. Likitan, wani saurayi mai haƙuri, ya saurari ƙarar da Gwaggo ta kawo har ƙarshe. Ya ce zuciyar ce ta gaji, ciwon yana iya zuwa ko da kanwa ko babu, amma kanwa da zafi suna tura shi gaba. Daga yau babu kanwa, a rage gishiri, babu wuta a ƙarƙashin gado, haihuwa ta gaba kuma sai an huta, sannan a asibiti. Na ce a raina to, ga shi daga bakin da ba nawa ba. Muna fitowa baranda Gwaggo ta nuna ni da yatsa ta ce, "Kin ji ko? Kin ɓata mata jiki har kanwa ba ta karɓarta."

Hassi ta tashi. Ƙafa ta saɓe, ta koma kwanciya kamar kowa, ta shayar da ɗanta har ya yi tafiya.

Labarina kuwa ya riga layin waya dawowa. Kafin in koma ɗaukar kayana a Zurmi an ji a Shinkafi, an ji a Galadi. Na tashi daga mai cika hannu na koma Kulu mai rowar kanwa. Gidajen da na yi wa jegon uwa da 'ya suka daina aikowa. Mai buhun nan na kasuwa, aka ce, da aka buɗe kasuwa ya canza wa kanwarsa suna. Masu kirana yanzu su ne matan da na taɓa shiga makewayi da su, waɗanda suka san bango ne ke shan duka. Su ma ba sa cewa jego za a yi. Sai su ce wa surukai bayansu ke ciwo, a kira musu mai tausa. In na shiga ɗaki, sauran sai mu san yadda muka yi. Wannan shi ne dafa ruwa da dama kunun da kuke tambaya.

Bara wani ɗan Gwaggo Tumba da ke aiki a Gusau ya biya mata kujerar Makka. Ranar da za ta wuce, sai ga ta a ƙofar gidana da farin mayafi, Hassi na bayanta riƙe da jaka, ta yi ƙiba irin ta lafiya. Na shimfiɗa tabarma, Gwaggo ta ce ba zama ta zo yi ba, mota na jira.

Ta ce, "Kulu, ɗakin Allah za ni, ba ni son in tahi da kowa a raina. Abin da kinka yi ma ɗiyar mutane, na yahe miki, duniya da lahira."

Hassi ta ja gefen mayafi ta rufe baki, tana danne dariya.

Na durƙusa har ƙasa na ce, "Na gode, Gwaggo."

Ta ɗora mini hannu a ka. "Amma ki yi mini alkawari ba ki ƙarawa."

Na ce, "Allah ya kai ki lahiya, Gwaggo, ya karɓi ibada. Ki sa mu a addu'a."

Ta ce amin, amin, ta juya ta nufi mota tana murna. Ba ta lura ban amsa ba. Hassi ta lura.